Layin da Baba Ya Bari a Saman Kati

Likita bai ɓoye mana komai ba. Ya ce idon Baba na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma saura ɗan gurbi a tsakiya, kamar mai leƙe ta ramin makulli, ramin kuwa kullum ƙara tsukewa yake yi. Wata biyu, ko uku in an yi sa'a. Ni ban buƙaci dogon bayani ba, tun da sana'ata ce. Shekara ashirin da ɗaya ke nan ina gwada idanun mutane a shagon tabarau da Baba ya buɗe, ina yanka gilashi ina ɗaura shi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, mutumin da ya gyara wa rabin garin nan gani, yau ba ni da gilashin da zan sa masa.

A ranar na kira Yaya a waya. Shekararsa goma sha tara bai tako gida ba. Ban tsaya gaisuwa mai tsawo ba, na ce masa, "In kana so Baba ya ga fuskarka, to yanzu ne. In kuma murya kawai za ka kawo masa, ka zo duk ran da ka ga dama."  Can ya ce kwana biyar zai iya samu a wurin aiki, kuma zai taho da 'yarsa.

Abin da ya raba su ba gado ba ne, ba kuma aure ba. Kati ne, ɗan kwali da bai kai tafin hannu ba.

Shagonmu yana kan titin da ya hauro daga tashar jiragen ruwa, saboda haka babu irin bakin da ba ya shigo mana. Baba yana da dokarsa tun fil azal: duk wanda aka yi wa sabon tabarau, ba zai fita ba sai ya karanta kalma ɗaya a kati, sannan ya yi rubutu da hannunsa, don a tabbatar gilashin ya zauna. A shekarar da aka haifi Yaya, wani mai dafa abinci a jirgi ya zo karɓar nasa. Baba ya miƙa masa kati mai ɗauke da kalmar rana. Mutumin ya karanta tsaf, sai ya fashe da dariya, ya durƙusa a tsakiyar shago ya yi tsalle biyu, sannan ya karɓi biro ya zana kwaɗo. A harshensu, abin da waɗannan baƙaƙe huɗu suke nufi ke nan. Baba bai jefar da katin ba. Bayan shekara uku wata ma'aikaciyar jinya ta zo daga wata ƙasar daban, ta ga katin, ta nuna tabon da ke gwiwar hannunta, ta rubuta cewa a wurinsu rauni ne.

Daga nan abin ya kama shi. Kalmar mata ta samu layi uku, a wurin wani matuƙi ido ce. Kalmar kuka a bakin wani kafinta tambaya ce, wato wane ne, a bakin wani direba kuma kwandon shara. Mutane sukan so su ciro wa'azi daga ciki, su ce ka ga ikon Allah, ka ga yadda kaza ya zama kaza. Baba ba ya son wannan ko kaɗan. Yakan ce, "Ni ba darasi nake tarawa ba. Hannuwa nake tarawa." Sharaɗinsa biyu ne, kuma ko sarkin duniya bai isa ya sa ya sassauta ba. Ba a kwafowa daga littafi. Kuma ba mai rubuta ma'ana sai wanda ya sha harshen a nono. Katunan suka taru har ɗari huɗu da 'yan kai, a cikin akwatin katako da aka taɓa kawo gilasai a ciki.

Yaya ya tafi karatu yana da shekara ashirin da biyar, ya samu aiki a can, ya yi aure. Da ya dawo ganin gida bayan shekara takwas, harshen mutanen can ya zauna a bakinsa kamar da shi aka haife shi. Ina tsaye a wurin ranar. Ya jawo katin wata, wanda wani ma'aikacin jirgi ya riga ya rubuta cewa ruwa ne a wurinsu, ya ce da murnarsa, "Baba, a ƙasar da nake, wannan auduga ce, ta wanke ciwo." Ya ɗauki biro ya rubuta. Baba ya karɓi katin ya duba. Ya buɗe aljihun tebur, ya ɗauko reza, ya kankare rubutun a hankali, a gaban matar Yaya da ni da wani da ya zo gyaran ƙafar tabarau. Ya hure garin takardar, ya ce, "Ba a cikin wannan harshen aka haife ka ba. Aro ka yi."  Bayan kwana biyu Yaya ya koma, kuma tun daga lokacin sai gaisuwar waya, ita ma sai in ni na haɗa su.

Ana gobe za su iso, da yamma bayan mun sallami mutane, Baba ya ce in sauko da akwatin in kakkaɓe masa ƙura. Ina gogewa ina jujjuya katunan, sai na tambayi abin da ban taɓa damuwa in tambaya ba. A saman kowane kati, ƙarƙashin kalmar, akwai layi ɗaya da aka ja da fensir, siriri, ba a rubuta komai a kansa ba. Duk baƙin da suka yi rubutu daga layi na biyu suke farawa.

"Baba, wai wannan layin na sama, na ma'anar harshenmu ne?"

"Nata ne."

"To me ya hana ka cikewa? Ko don kowa ya sani?"

Ya ɗan juya fuska wajen ƙofa. "Na yayanki ne."

Na ajiye tsumman.  Na ce, "Ni fa? A bakin tasha aka tsince ni? Ni ba a cikin harshen aka haife ni ba?"

"Auta, lokacin da na fara jan layin ba ki zo duniya ba. Yana cikin zanin goyo na ce in ya girma shi zai cike. Ba na canja magana."

"Shi ya sani?"

"Bai tambaya ba."

"Shekara hamsin da biyu kana jira mutum ya tambayi abin da bai san da shi ba?"

"Yana da ido."

"Kai ma kana da baki, Baba!"

Ban taɓa ɗaga masa murya haka ba. Bai yi fushi ba, sai dai ya laluba ya kama hannuna, ya ce in yi masa alkawari ba zan faɗa wa Yaya ba. "In kika faɗa masa, tausayin makaho ne zai sa ya rubuta. Ba na son wannan." Na yi alkawarin, ina jin haushin kaina, ina jin haushinsa, ina jin haushin Yaya da bai san ma ana yi ba. Ni ce mai ɗiga masa magani a ido safe da yamma, ni ce mai karanta masa takardun asibiti, amma layi ɗari huɗu suna can suna jiran wanda ya tafi. Ban ɓoye ba, kishi na ji.

Da suka iso, Yaya ya durƙusa ya gaishe shi. Baba ya ce ya matso kusa da taga. Ya riƙe kafaɗunsa, ya riƙa motsa kai a hankali, sama da ƙasa, yana ɗaukar fuskar kaɗan-kaɗan ta ɗan ramin da ya rage masa, goshi, sannan ido, sannan haɓa.

"Ka yi furfura," in ji shi.

"Kai ma, Baba."

Shi ke nan. Kwana biyu suka yi suna hirar hanya da tsadar rayuwa da waɗanda suka rasu a unguwa. In ɗaya ya shigo ɗaki, ɗayan sai ya tuna yana da abin yi a waje. Taurin kai iri ɗaya, har yadda suke gyaran murya kafin su ce babu komai iri ɗaya ne. Ni kuwa ina ƙirga kwanaki.

'Yar Yaya shekararta goma sha bakwai, doguwa, mai yawan murmushi. Abin da ta iya a harshenmu bai wuce sannu Kaka, na gode Gwaggo, da na ƙoshi ba, shi ma na ƙarshen ƙarya take yi. A rana ta uku ta ga akwatin a kan tebur a shago, ta fara buɗawa tana kallon zane-zanen. Baba ya ji motsin katunan. Ya ce in nemo masa katin wata. Ya shafa shi har yatsansa ya sami gurbin da reza ta ci, ya miƙa mata tare da biro, ya ce da ni, "Ki gaya mata. Ita a ciki aka haife ta." Ba sai na gaya mata ba. Ta karanta, ta yi dariya, ta rubuta kalmominta a kan gurbin. Da yake takardar ta kankaru, tawadar ta ɗan bazu. A gefe ta zana ɗan curin auduga. Baba ya yi ta sa mata albarka.

Yaya yana tsaye a bakin ƙofa, duk a kan idonsa. Ya juya ya fita.

Washegari na same shi a ɗakin baya, inda injin goge gilashi yake. Yana zaune a kan kujerar da yake hawa yana yaro don ya kai tebur.

"Auta, kin san ban ji haushin yarinyar ba," ya ce. "Daidai ne. Ita ce ta cancanta. Amma ki duba. Mai dafa abinci yana da wuri a akwatin nan. Direba yana da wuri. Mutanen da suka shigo minti goma suka fita, bai ƙara ganinsu ba har abada, duk suna ciki. Ni kaɗai ne aka sa wa reza."

Maganar tana bakina, tana neman fita. Na cije leɓe har na ji zafi. Na ce, "Ka yi masa magana mana."

"In ce me? In roƙi gurbi a kwali? Na girmi wannan."

Sai wayarsa ta yi ƙara, saƙo ya shigo. Ya ciro ta, ya miƙar da hannu can nesa kamar mai gudun kada ta cije shi, ya ƙanƙance ido yana karantawa. Na tsaya ina kallonsa. Shekara ashirin da ɗaya ina ganin wannan miƙa hannun a shago, kusan kullum.

"Yaya, tun yaushe kake karatu haka?"

"Haske ne babu a ɗakin."

"Haka duk tsofaffi suke cewa. Zauna a kujerar gwaji."

Ya yi gardama, na fi shi. Na gwada idon, na ce gobe da safe ya zo ya karɓa kafin su tafi. Da yamma na yanka gilashin da kaina, na goge gefensa sau biyu, abin da ban saba yi wa kowa ba.

A rana ta biyar, ƙarfe huɗu motar da za ta kai su filin jirgi za ta zo. Da hantsi Baba yana zaune a kusurwarsa ta kullum, kusa da taga, sandarsa tsakanin gwiwoyi. Na sa wa Yaya tabaran, na gyara masa zama a bayan kunne da kan hanci. Ya dubi tafin hannunsa ya ce, "Kai! Ashe haka layukan nan suke da yawa." Zai miƙe, na dafa kafaɗarsa.

"Ka san dokar shago. Ba a fita sai an karanta kati."

Na ajiye masa katin wata a gabansa. Fuskarsa ta canja.

"Auta, kada ki yi mini haka."

"Karanta kawai na ce. Ina so in ga ko gilashin ya zauna. Ka duba da kyau, daga sama har ƙasa, ka gaya mini duk abin da ka gani."

Na ji Baba ya gyara zama. Ban dube shi ba. Alkawari na yi ba zan faɗa ba, kuma ban faɗa ba.

Yaya ya ja numfashi, ya karanta da muryar wanda aka tilasta. Ya karanta kalmar. Ya karanta layin ma'aikacin jirgi. Ya karanta na 'yarsa. Sai ya ɗan karkata katin wajen haske. Layin fensirin ya kusa dushewa saboda tsufa, ba don sabon gilashin ba da ba zai gan shi ba. Ya jawo akwatin, ya ciro rana, ya duba. Ya ciro kuka. Ya ciro mata. Ya ɗebo kamar guda goma a tare yana buɗawa ɗaya bayan ɗaya.

"Duk an tsallake layin farko," ya ce, kamar da kansa yake magana. Sannan ya ɗago. "Baba, wannan layin na sama, na wane ne?"

Baba ya juyo da fuska wajensa. 

"Na wanda aka haifa a cikin namu harshen."

"Ai mu duka ne."

"Kai kaɗai ne a gidan lokacin da na fara ja."

Yaya ya cire tabaran, ya mayar, ya sake cirewa. "Ko ranar da ka kankare...?"

"Ka bar naka, ka je kana rubutu a na mutane."

"Me ya sa ba ka faɗa ba, Baba?"

"Ba ka tambaya ba."

A nan haƙurina ya ƙare. Na ce, "To ga shi ya tambaya! Don girman Allah a ba mutum biro, kafin mota ta zo ta same ku kuna wannan jan-in-ja!" Ina faɗa ina kuka, abin da na tsana in yi a gaban mutane.

Yaya ya riƙe biron. Ya ce shekara ashirin da bakwai ke nan bai rubuta ko jimla ɗaya da harshenmu ba, yana tsoron ya yi kuskure. Baba ya ce kuskuren ma nasa ne, ya rubuta. Ya sunkuya ya yi rubutun a hankali, kamar ɗan aji ɗaya, sannan ya tashi ya kai masa da hannu biyu.

Na kunna fitilar tebur, na kawo babban madubin ƙara girma. Baba ya kawo katin dab da idon dama. Ya matsar da shi nesa. Ya juya kai hagu, ya juya dama, yana neman rubutun ta ɗan ramin. Na canja masa gilashi uku daga akwatin gwaji, har wanda na san ba zai yi ba. Mun fi minti goma a haka. Kwana huɗu da suka wuce ya ga furfura. Furfura fara ce a kan baƙi, kuma fuska tana da faɗi. Siririn rubutun biro wani abu ne daban, ni kuwa na san haka tun kafin in kunna fitilar.

Ya sauke katin a cinyarsa.

"Ina ganin duhu-duhu a wurin," ya ce. "Amma ban ga hannun ba."

Yaya ya durƙusa a gabansa ya kifa kai a gwiwarsa. Mutum mai furfura, kafaɗunsa suna girgiza. 'Yarsa ta shigo ta tsaya a bayana, ta riƙe mini gefen riga.

"Tashi," in ji Baba. "Karanta mini."

Yaya ya share fuska ya karanta. "Wata. Mai fitowa da dare, yana girma yana raguwa. Kuma kwana talatin. Shi ne Baba yake ɗaga ni a kafaɗa in gani ta saman rufin shago."

"Ma'ana na ce a rubuta, ba tarihi ba," Baba ya ce.  Yana maganar yatsunsa suna yawo a bayan katin, sai suka tsaya a wuri ɗaya. Ya sake shafawa. "Nan ka danna da ƙarfi. Ina jin sa." Ya ɗaga kai. "Ɗauko na gaba. Ka danna biron sosai, kada ka ji tausayin kwalin."

Na juya allon ƙofa na rufe shago. Na shimfiɗa wa Yaya tsumman goge gilashi a ƙarƙashin kati don rubutun ya fito ta baya. Yana rubutawa yana karantawa da ƙarfi, 'yarsa tana karɓa tana miƙa wa Kaka, shi kuma yana bi da babban yatsa, baƙi bayan baƙi. Sau ɗaya biron ya huda takardar. Sau biyu suka yi musu a kan ma'ana, na raba gardama, duka biyun Baba ne ba shi da gaskiya. Ko abincin rana a kan teburin muka ci a tsaitsaye. Da direba ya yi oda a waje, sun kai kati talatin da ɗaya.

Yaya ya ce a ba shi sauran ya tafi da su, ya cike ya aiko. Baba ya ce kati ba ya barin shago, mai son rubutu shi yake zuwa. Yaya ya ce to zai zo. Wannan karon na yarda da shi.

Ramin makullin ya rufe kafin wata biyun da likita ya faɗa su cika. Har yanzu Baba yana sa in kawo shi shago kowace safiya, in zaunar da shi kusa da taga, in ɗora masa akwatin a cinya. Ni har gobe ba ni da layi a ciki, kuma wani lokacin abin yana sosa mini rai. Sai dai akwai aikin da ni kaɗai yake yarda in yi. Kafin in ba shi akwatin, sai in cakuɗa katunan sosai. Shi kuma ya bi su ɗaya bayan ɗaya ta baya da yatsa, yana ware na ɗansa gefe guda. In ya gama ya miƙo mini in ƙirga. Talatin da ɗaya suke fitowa kullum.